Filin Tambayoyin Masu Karatu: Shin Hannu Ma Yana Hadda?

Cikin wasiƙun da suka taru mini a wannan wata, huɗu sun faɗo a kan abu guda ko da yake masu su ba su san juna ba, wato yadda jiki yake jin taɓawa da abin da ƙwaƙwalwa take yi da wannan ji. Na fara da ta wani malamin allo, domin amsarta ita ce za ta share wa sauran fage.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar allo ne a Zariya, na fi shekara ashirin ina karantarwa. Na lura cewa yaron da ya rubuta karatunsa a allo da hannunsa ya fi riƙe shi a kan wanda ya karanta a bugaggen littafi ko a waya. Wani lokaci ma idan aya ta kufce wa almajiri, sai in ga yatsansa yana motsi a kan cinyarsa kamar mai rubutu, daga nan sai ta faɗo masa. Shin hannu yana da tasa haddar ne, ko kuwa idona ne yake nuna mini abin da nake so in gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, idonka bai yaudare ka ba, sai dai haddar ba a cikin hannun take kwance ba, tana can cikin kai, hannu kuwa yana ɗaya daga cikin manyan ƙofofin da ake shiga da ita.

Sa'ad da yaro ya riƙe alƙalamin kara ya tsoma shi a tawada ya ɗora a allo, akwai ƙananan na'urorin ji a cikin fatar yatsunsa da suke aiki ba tare da saninsa ba. Masana sun rarrabe manyan iri huɗu. Wasu suna kusa da saman fata suna tantance gefe da siffar abin da aka riƙe, wasu suna jin alƙalami idan ya fara zamewa don a ƙara damƙe shi, wasu suna can ciki suna ɗaukar ɗan karkarwar da bakin alƙalami yake yi a kan katako, na ƙarshe kuma suna jin yadda fata take miƙewa idan yatsa ya lanƙwashe. An daɗe ana neman abin da yake mayar da dannawa ta zama saƙon jijiya, sai a shekarar 2010 Ardem Patapoutian da abokan aikinsa a Amurka suka gano wasu ƙananan kafofi a jikin ƙwayoyin halitta da suke buɗewa idan an matsa su, aka sa musu suna Piezo1 da Piezo2. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 2021 tare da David Julius, wanda shi kuma ya gano kafar da take jin zafin wuta, ya kuma nuna cewa ita ɗin ce dai yajin barkono yake buɗewa, abin da ya sa muke cewa barkono yana da zafi alhali ba a wuta aka ɗauko shi ba.

Daga yatsa saƙon yana bin jijiya ya shiga laka, ya haura ta gadon baya zuwa gindin ƙwaƙwalwa, a nan ya tsallaka ɗaya ɓangaren, ya yada zango a wata matattara da ake kira talamas, sannan ya isa wani zirin ɓawon ƙwaƙwalwa da ya tashi daga tsakar ka ya gangaro wajen kunne. Saboda tsallakawar nan ne ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yake jin hannun dama, kuma shi ya sa mai shanyewar ɓarin jiki yakan rasa ji a ɓarin da ba shi ne ya sami matsala a cikin kai ba. Wilder Penfield, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Montreal ta ƙasar Kanada, shi ne ya fitar da taswirar wannan ziri a 1937. Yana yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, domin ita ƙwaƙwalwa da kanta ba ta jin zafin yanka, sai ya riƙa taɓa wurare da ɗan ƙaramin lantarki yana tambayar majinyaci inda ya ji. Abin da ya fito taswira ce ta jiki duka, amma rabon filin ba bisa girman gaɓa aka yi shi ba: yatsu da leɓe da harshe sun kwashe gonaki manya, gadon baya da cinya kuwa ɗan fegi aka ba su.

Malam zai iya gwada wannan a zaure yau da yamma. A ɗauki tsinken sakace biyu, a sa yaro ya rufe ido, a taɓa kan yatsansa da su a lokaci guda da tazarar milimita 3 tsakaninsu, zai ce biyu ne. A koma gadon bayansa, sai an buɗa tazarar ta kai kusan santimita 4 kafin ya daina cewa ɗaya ne. Bajamushe Ernst Weber ya bayyana wannan gwaji tun 1834, kuma har yau likitocin jijiya suna amfani da shi.

Yanzu ga batun hadda. Babban darasin da aka samu a wannan fanni ya fito ne daga wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 yana ɗan shekara 27 saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa babban yanki na wani sashe da ake kira hifokamfas a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa. Farfaɗiyar ta lafa, amma daga ranar bai ƙara iya ajiye sabon labari ba, ta yadda wanda ya gaisa da shi da hantsi baƙo ne a wurinsa kafin azahar. Masaniya Brenda Milner ta ba shi wani aiki mai wuya, ya bi zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kwana uku yana yi, kowace rana kurakuransa suna raguwa har ya ƙware, alhali kowace safiya ba ya tuna cewa ya taɓa ganin wannan aikin. Daga nan aka tabbatar cewa rumbun ajiya a cikin kai ba ɗaya ba ne. Akwai na abin da mutum zai iya faɗa da baki, kamar suna da labari da ma'ana, wanda yake bi ta hifokamfas, akwai kuma na abin da gaɓoɓi suka saba, kamar tuƙa keke da kitso da murza zare, wanda yake dogara da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya da wasu curarrun sassa na can ciki. Almajirin da ya rubuta aya ya ajiye ta a wuri fiye da ɗaya: ga sautinta da ya rera, ga siffarta da ya gani a wani gefe na allo, ga kuma tafiyar da yatsunsa suka yi. Idan hanya ɗaya ta toshe, motsa yatsa a kan cinya yana iya buɗe wata, kuma ina kyautata zaton abin da Malam yake gani ke nan.

An gwada wani abu makusancin wannan a kan yara. A 2012 Karin James ta Jami'ar Indiana ta ɗauki yara 'yan shekara biyar da ba su iya karatu ba tukuna, ta sa suka koyi haruffa ta hanya uku: rubutawa da hannu a farar takarda, bin sawun ɗigo-ɗigon da aka riga aka zana, da danna harafi a madannin kwamfuta. Da aka nuna musu haruffan ana ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwarsu, sassan da manya suke karatu da su sun fi tashi a kan haruffan da yaro ya rubuta da kansa. Abin lura shi ne bin sawu bai yi abin da rubutun kai ya yi ba, wataƙila saboda karkataccen ba'un da yaro yake yi yau daban, gobe daban, shi ne yake koya wa ƙwaƙwalwa abin da ya sa ba'u ya zama ba'u. Sai dai wannan bincike a kan koyon haruffa aka yi shi, ba a kan haddar dogon nassi ba, saboda haka ba zan ɗora masa kayan da bai ɗauka ba.

A ganina ma rubutun ba shi kaɗai yake aikin ba a makarantarku. Eric Kandel, wanda ya sami Nobel a 2000, ya yi shekaru yana nazarin wata halittar teku mai kama da dodon koɗi marar gida, wadda ƙwayoyin jijiyarta ba su wuce kimanin 20,000 ba, yayin da na ɗan Adam suke kusan biliyan 86. Idan aka taɓa ta sai ta janye gaɓar numfashinta, idan aka yi ta taɓawa ba tare da cutarwa ba sai ta saba ta daina. Shi da abokan aikinsa sun ga cewa taɓawa arba'in a zama ɗaya ba ta daɗewa a jikinta, amma goma-goma a kwana huɗu sai sabon ya kai makonni. Sun kuma nuna cewa ajiya ta ɗan lokaci ƙarfafa mahaɗar jijiyoyin da take akwai ce kawai, ajiya mai daɗewa kuwa sai ƙwayar ta ƙera sababbin sinadarai ta sauya yawan mahaɗanta, kuma gini ba ya yiwuwa a sa'a guda. A haɗa wannan da abin da aka tabbatar a kan mutane, cewa ƙoƙarin fito da karatu daga ka ya fi maimaita kallonsa ƙarfafa shi, kuma barci yana daidaita abin da aka koya da rana. To yaron da ya rubuta allonsa, ya biya da safe, ya biya da dare, ya kwana a kai, ya kawo wa Malam da ka kafin a ba shi izinin wankewa, sannan ya ci gaba da tilawar baya, ya bi duk waɗannan matakai. Wanke allon kansa yana da nasa amfani, tunda daga ranar babu inda zai duba sai cikin kansa. Mai waya kuwa shafin yana aljihunsa kullum, ba abin da ya tilasta masa nemowa. Da za a sa shi ya kife wayar ya biya da ka a rarrabe cikin kwanaki, ina tsammanin tazarar da take tsakaninsu za ta ragu ƙwarai, ko da ba ta ɓace ba.

Tambaya: Mahaifina ya tsufa a sana'ar yadi a Kantin Kwari. Ko da idonsa a rufe, idan ya murza shadda tsakanin yatsu biyu zai faɗi darajarta, ni kuwa shekarata uku a shago har yanzu sai na duba tambari. Muna kuma da maƙwabci makaho da yake karatu da yatsa da sauri. Shin irin waɗannan mutane da baiwar aka haife su?

Amsa: Ɗan'uwa, ka lura da kalmar da ka yi amfani da ita, ka ce yana murzawa. Da zai ɗora yatsa a kan shaddar ya bar shi cik, da kaɗan zai ji, domin laushi da kaushin abu mai santsi sai da motsi ake gane su. Zanen da yake kan yatsa yana gogar zaren saƙa, fata ta yi wata 'yar karkarwa da ido ba ya gani, na'urorin can ciki su ɗauka, ƙwaƙwalwa kuma ta gwada da dubban yadudduka da suka riga suka bi ta wannan hannu. Ma'ajiyar gwajin ce Baba yake da ita kai ba ka tara ba tukuna.

Taswirar da Penfield ya zana ba a kan dutse aka sassaƙa ta ba. A shekarun 1980 Michael Merzenich ya nuna a kan birai cewa filin yatsan da ake yawan aiki da shi yana faɗaɗa, na wanda aka rasa kuma maƙwabtansa su mamaye shi, kamar gonar da mai ita ya yi ƙaura. A 1995 Thomas Elbert da abokan aikinsa a Jamus suka auna masu kaɗa kayan kiɗa na tsirkiya irin gogen Turawa, suka tarar filin yatsun hannun hagu, masu danna tsirkiya, ya fi na sauran mutane girma, kuma bambancin ya fi yawa ga waɗanda suka fara tun suna ƙanana.

Game da maƙwabcinku, rubutun da yake karantawa Bafaranshe Louis Braille ne ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15, kowane harafi yana cikin gurbin ɗigo shida wanda kan yatsa ɗaya yake rufewa. A 1996 Norihiro Sadato da abokan aikinsa suka gano cewa mutanen da suka makance tun da wuri, idan suna karanta wannan rubutu, sashen ƙeya da masu ido suke gani da shi yana aiki, wato filin da ido ya bari bai zauna kango ba, yatsa ya karɓe shi. Amma hujjar da ta fi dacewa da tambayarka ta fito ne daga Jami'ar McMaster ta Kanada a 2011, inda aka gwada makafi da masu ido a yatsa da kuma a leɓe. A yatsa makafi sun yi fice, musamman a yatsan da suke karatu da shi, a leɓe kuwa ba a ga bambanci ba. Da makanta ce kawai take kaifafa ji, da leɓen ma ya kaifafa. Mutane sun bambanta tun asali, ban musa ba, kuma ji yana dusashewa da tsufa, amma babban rabo na aiki ne. Shawarata ita ce ka riƙa murza yadi ka yanke hukunci a zuciyarka kafin ka duba tambari ko ka tambayi Baba, domin yatsa ba ya koyo idan ido ya riga shi ba da amsa.

Tambaya: Ni uwa ce daga Maraɗi. Me ya sa idan yaro ya buge goshi aka shafa masa wurin sai ya yi shiru? Lallashi ne kawai?

Amsa: Hajiya, da lallashi da kuma wani abu a cikin laka. Saƙon taɓawa yana bin jijiyoyi masu kauri da suke iya gudun mita 50 ko fiye a daƙiƙa, wato a sakan ɗaya, saƙon raɗaɗi mai nacin nan kuwa yana bin sirara da ba sa wuce mita ɗaya ko biyu, shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan ji bugun tukuna, zugin ya biyo baya. Ronald Melzack da Patrick Wall sun bayyana a 1965 cewa hanyoyin biyu suna haɗuwa a laka, kuma idan ta taɓawa ta cika da saƙo tana rage abin da ta raɗaɗi take iya wucewa da shi zuwa sama. An yi wa bayaninsu gyare-gyare daga baya, amma gindinsa yana nan. Akwai kuma wasu jijiyoyi a fata mai gashi da suka fi amsa shafa mai taushi a hankali, kimanin santimita 3 a daƙiƙa, da ɗumi irin na tafin hannu, kuma saƙonsu yana zuwa sassan da suke kula da natsuwa. Iyaye mata sukan yi shafa da wannan saurin ba tare da an koya musu ba. Sai dai idan bayan buguwar yaro ya yi ta amai, ko ya suma, ko barci mai nauyi ya kama shi har ana tashinsa da ƙyar, a bar shafa a nufi asibiti.

Tambaya: Mahaifiyata tana da ciwon sukari shekara goma sha biyu. Kwanan baya ta taka garwashi a madafa ba ta sani ba sai da muka ga ƙunar. Ƙwaƙwalwarta ce ta fara taɓuwa?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Abin da ka bayyana ya fi kama da lalacewar jijiyoyin ƙafa, ƙwaƙwalwar tana nan tana jira, saƙon ne ba ya isowa. Sukarin da ya daɗe da yawa a jini yana cin jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da su, kuma mafi tsawo su suke fara gazawa, shi ya sa abin yake somawa daga yatsun ƙafa biyu ya hauro a hankali kamar ana sa safa. Wasu sukan fara da jin tafiyar kiyashi ko zafi kamar na barkono da dare, wasu kuwa ba sa jin komai sai ranar da aka ga rauni. Haka kuturta take yi ta wata hanyar, ƙwayar cutar tana kama jijiya, kuma yawancin dungulmin da ake gani ya samo asali ne daga ƙuna da yanka da ba a ji ba har suka ruɓe.

Ƙunar da take ƙafarta yanzu a kai ta ga likita ko da ta ce ba ta mata ciwo, domin rashin ciwon shi ne haɗarin, kuma raunin mai sukari ba ya saurin warkewa. A nemi a gwada jin ƙafar, gwaji ne mai sauƙi da ake yi da wani siririn zaren roba da ake dannawa a tafin ƙafa, a kuma duba ko magungunanta suna riƙe sukarin yadda ya kamata, tunda jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo amma ana iya tsare sauran. A gida kuma ido zai karɓi aikin da fata ta ajiye. Kowace rana wani ya duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu a wuri mai haske, kada ta taka ƙasa ba takalmi ko da a tsakar gida, a zazzage takalmin a laluba cikinsa da hannu kafin ta sa, a shanya tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta bayan alwala, a yanke farce a miƙe ba da reza ba. Ruwan wanka kuma wani ya gwada mata zafinsa, ko ita ta gwada da gwiwar hannu, sannan idan hunturu ya shigo a nisanta kaskon wuta daga inda take miƙe ƙafafunta.